Ƙaramin dam a inuwar Bakolori

Duk mai yi wa manomin Maradun ko Bakura zancen dam, ya sani yana taɓa tsohon miki. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aikin kamfanin Impresit na Italiya. Ruwanta ya ci gonaki da gidaje, dubban mutane suka tashi, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya. Mutanen gangare ma sun ji a jikinsu: ambaliyar da ke jiƙa fadama duk shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya.

Ba mamaki hankali ya karkata ga ƙananan madatsun ƙasa. A tare rafi da laka, a daddanne, ruwan Agusta ya kwanta, ba a tashi kowa daga gidansa ba. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu, kuma ƙauyen da magudanan Bakolori ba su kai ba, zaman jiran shuka yake yi. Inda ruwa ya kwanta kuwa, albasa da tumatir da attaruhu na hana matashi tafiya cin rani. Akwai ribar da ido bai gani: ruwan da ƙasa ta tsotse shi ke cika rijiyoyin kusa, injin ban ruwa ya samu abin ja.

Sai dai gina ƙaramin dam shi ne mai sauƙi. An sare itatuwan tudu, don haka kowace damina yashi ke gangarowa ya cike tafkin, zafin Maris da Afrilu ya shanye ragowar daidai lokacin da ake neman ruwan ido rufe. Yaran da ke wanka a ciki na kwasar tsargiya. Idan ba a ware wa shanu mashaya da burtali ba, rigima ce ke jira. Bango kuma na iya karyewa, kamar yadda dam ɗin Gusau ya ɓalle a 2006 ya ci rayuka.

Abin da ya fi damuna shi ne yashewa da gyara, aikin gayya da ke buƙatar kwanciyar hankali. A wuri irin Gidan Goga, da ya sha hare-haren 'yan bindiga, wa zai fita da garma da kwando gyaran bango alhali gonarsa ma da fargaba yake zuwa?