Sun Yi Aiki Mai Kyau, Aka Rufe Musu Ƙofa: Labarin Tango da Guguwar Kora a Masana'antar Gem

Ranar 25 ga Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya gabatar da wani shiri ta intanet domin nuna sabbin wasannin da za su fito a na'urarsa ta Xbox. Ana tsakiyar shirin sai ga wani gem da ba wanda ya taɓa jin sunansa, Hi-Fi Rush, aka kuma ce ba sai an jira ba, a ranar ma mai so zai iya sauke shi. Wani situdiyo ne na birnin Tokyo mai suna Tango Gameworks ya yi shi. Shinji Mikami, mutumin da ya ƙirƙiro Resident Evil, shi ya kafa situdiyon a 2010, kuma duk duniya ta san su ne da wasannin ban tsoro irin su The Evil Within. Sai ga su da wani abu mai launi da raha.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, ga yadda yake. Jarumin wani saurayi ne mai suna Chai, wanda na'urar sauraron waƙarsa ta maƙale masa a ƙirji bisa kuskure, daga nan komai na duniyarsa ya koma bin kiɗa. Bututun masana'anta na fitar da tururi daidai da bugun ganga. Fitilu na ƙyaftawa a kan sautin, bishiyoyi na rausaya, wata kyanwar ƙarfe mai suna 808 na shawagi a gefen kafaɗarsa tana haskawa duk lokacin da ganga ta sauka. Idan mai wasa ya kai duka a kan kiɗan, dukan ya fi ƙarfi. Duk wanda ya san yadda makaɗi da mai rawa ke karantar juna a fili zai gane wahalar wannan aiki: sai mai zane, mai kiɗa da mai rubuta manhaja sun zama tamkar mutum ɗaya kafin ƙafar Chai ta taɓa ƙasa a daidai lokacin da ya kamata.

Jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu. Kafin ƙarshen watan Agustan shekarar mutum miliyan 3 sun buga shi. Ya ci kyautar tsara sauti a bikin The Game Awards na 2023, ya kuma ci kyautar BAFTA ta motsin zane a Landan a Afrilun 2024. Wani babban jami'in talla na Xbox, Aaron Greenberg, ya fito fili ya ce ta kowane ma'auni da suke amfani da shi wasan ya yi nasara.

Ranar 7 ga Mayun 2024, wata guda bayan kyautar Landan, shugaban situdiyoyin Xbox, Matt Booty, ya aika wa ma'aikata takarda cewa an rufe Tango Gameworks. A takardar guda aka rufe Arkane Austin da ke jihar Texas da Alpha Dog Games na Kanada. Kashegari kuma, kamar yadda jaridar The Verge ta ruwaito, ya gaya wa sauran ma'aikata a wani taro cewa kamfanin na buƙatar ƙananan wasanni masu jawo daraja da kyaututtuka, wato irin wanda aka rufe gidansa jiya.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan. Ruwanmu yana nan a aljihun 'ya'yanmu da ƙannenmu. Call of Duty da matasa ke bugawa a waya mallakar Microsoft ne yanzu, haka Candy Crush da iyaye mata da yawa ke rage dare da shi. Ƙwallon da yara ke layi a gidan gem suna biyan kuɗi su buga, wanda har gobe suke kira FIFA duk da an sauya masa suna tun 2023, na kamfanin Electronic Arts ne, wanda ya sallami kusan mutum 670 a Fabrairun 2024. Akwai kuma matasanmu da ke koyon zane da rubuta manhaja da burin shiga wannan sana'a. Ya kamata su san irin gidan da suke ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Masu bibiyar lamarin sun ƙiyasta cewa fiye da mutum 10,000 ne suka rasa aiki a masana'antar a 2023, sannan fiye da 14,000 a 2024. Epic Games mai Fortnite ya sallami 830 a Satumban 2023. A Janairun 2024 kaɗai Unity ya sallami 1,800, Riot Games 530, Microsoft 1,900. Wata guda bayan haka Sony ya sallami 900 ya kuma rufe situdiyonsa na Landan. Duk wannan na faruwa ne a masana'antar da ke juya kimanin dala biliyan 180 a shekara. Mutane ba su daina wasa ba, kuɗi kuma bai daina shigowa ba.

To me ya faru? Tushen abin yana zamanin korona. A 2020 da 2021 duniya na kulle a gida, cinikin gem ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, kuɗin ruwa a bankunan Amurka da Turai kuma ya yi ƙasa har ya kusa sifili. Shugabannin kamfanoni suka ɗauki damina ɗaya mai albarka a matsayin yadda kowace shekara za ta kasance. Suka ci bashi, suka ɗebi ma'aikata, suka shiga sayen junansu. Daga Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kafin tsakiyar 2023 ya haura kashi 5 cikin ɗari. A daidai lokacin mutane sun koma makaranta da ofis. Bashin da aka ci da arha ya zama kaya mai nauyi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a kamfanin Embracer na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Lars Wingefors. Cikin 'yan shekaru ya tara situdiyo sama da 130 da ma'aikata fiye da 16,000. A 2022 ya sayi masu yin Tomb Raider da Deus Ex a kan dala miliyan 300, ya kuma sayi haƙƙin mallakar duniyar The Lord of the Rings. Ginin duka ya jingina ne a kan wata yarjejeniya ta dala biliyan 2 da ake sa ran ƙullawa. A watan Mayun 2023, ana gobe za a karanta wa masu hannun jari rahoton kuɗi, ɗaya ɓangaren ya janye. Kafar labarai ta Axios ta ruwaito daga baya cewa Savvy Games Group na Saudiyya ne. Abin da ya biyo baya ya faɗa kan mutanen da ba su san ma ana wannan ciniki ba. An rufe Volition na garin Champaign a jihar Illinois, masu Saints Row, bayan shekara 30 suna aiki. An rufe Free Radical Design a Nottingham ana dab da Kirsimeti. Tsakanin kora da sayar da rassa, ma'aikatan Embracer sun ragu da fiye da 4,500 cikin shekara guda, an kuma soke wasanni kusan 80 da ake kan yi.

Microsoft shi ba bashi ne ya kama shi ba, shi ya sa nake ganin nasa ya fi ciwo. Ya sayi ZeniMax, uwar kamfanin Tango da Arkane, a kan dala biliyan 7.5 a 2021. A Oktoban 2023 ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69, ciniki mafi girma a tarihin masana'antar. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi dole masu hannun jari su tambaye shi ina riba, kuma hanya mafi sauri ta gyara lissafi ita ce rage albashin da ake biya. Sallamar mutum 1,900 ta zo ne ranar 25 ga Janairun 2024, shekara guda cif da fitowar Hi-Fi Rush, a makon da darajar Microsoft a kasuwar hannun jari ta haura dala tiriliyan 3. A shekarar kuɗin da aka rufe Tango, ribar kamfanin ta kai dala biliyan 88.

Akwai wata matsalar da ta girmi korona, ita ce tsadar yin manyan wasanni. Takardun da suka fito a shari'ar da aka yi kan sayen Activision sun nuna Sony ya kashe dala miliyan 220 a kan The Last of Us Part II, da miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West. Aikin shekara biyar ko shida, ɗaruruwan ma'aikata, in ya faɗi ya faɗi da kowa. Ga shi kuma fiye da rabin lokacin da mutane ke ɓatawa a kwamfuta da na'urorin wasa na tafiya ne ga tsofaffin wasanni irin su Fortnite, Minecraft, Roblox da GTA V. Sai kowane shugaba ya ce shi ma sai ya samu nasa Fortnite ɗin, gem ɗin da ba ya ƙarewa, wanda za a riƙa sayar wa masu wasa riguna da makamai a cikinsa kullum. Sony ya fitar da nasa, Concord, ranar 23 ga Agustan 2024, ya janye shi bayan mako biyu, ya mayar wa mutane kuɗinsu, a Oktoba kuma ya rufe situdiyon Firewalk da suka yi shi.

Labarin Arkane Austin ma haka yake. Gwanaye ne a wasan mutum ɗaya mai zurfin tunani, kamar Prey na 2017. Aka tura su yin Redfall, wasan taron jama'a ta intanet, abin da ba fanninsu ba ne. Bloomberg ta ruwaito cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka yi Prey sun bar situdiyon kafin a gama. Redfall ya fito a Mayun 2023 da kurakurai birjik, shugaban Xbox na lokacin Phil Spencer ya fito ya ɗauki laifin a bakinsa. Bayan shekara guda waɗanda aka tilasta wa aikin su suka kwashe kayansu. Arkane sun yi wanda ya faɗi, an rufe su. Tango sun yi wanda ya ci kyauta, su ma an rufe su, a takarda ɗaya. Ma'aikacin da ya ga haka, da wace fuska za a ce masa ya dage ƙoƙarinsa zai cece shi?

Har ma'aunin nasarar ma masu kamfani ne suka dagula shi. An saka Hi-Fi Rush a Game Pass na Microsoft tun ranar farko, tsarin da mutum ke biyan kuɗin wata ya buga ɗaruruwan wasanni. Wanda yake da wannan ba zai sake cire dala 30 ya saya ba. Shawarar ba daga Tokyo ta fito ba.

Abin da lissafin ofis ba ya nunawa shi ne mene ne situdiyo. Kwamfutoci da kujeru ana saya a kasuwa kowace rana. Abin da ba a saya shi ne mutum ɗari da suka shekara goma tare har mai zane ya san abin da mai kiɗa ke nufi tun bai gama magana ba. Monolith Productions, da Warner Bros. ya rufe a Fabrairun 2025 bayan shekara 30, su suka ƙirƙiro tsarin da abokin gaba a cikin gem ke tuna wanda ya taɓa dukansa ya dawo da tabo da ƙullaci. Kamfanin na riƙe da takardar mallakar fasahar, masu sanin yadda ake sarrafa ta kuwa sun watse. Ga kuma ɗan ci-rani a Amurka da bizarsa ke ɗaure da aikinsa: in an sallame shi, kwana 60 gare shi ya samu wani ko ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar, a lokacin da dubbai irinsa ke neman gurbi ɗaya.

Na san za a ce kasuwanci ke nan, ba gidan sadaka ba ne. Gaskiya ne wasu kamfanonin sun yi kumburin da ba za su iya ɗauka ba, kuma shugaban Epic da kansa ya amsa cewa sun daɗe suna kashe fiye da abin da suke samu. Amma wa ya yanke shawarar kashewar, wa kuma ya biya? An taɓa bin wata hanyar. Lokacin da na'urar 3DS ta yi kwantai a 2011, shugaban Nintendo, marigayi Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa, ya sake yin haka a 2014 da Wii U ta gaza. Ya gaya wa masu hannun jari cewa ba ya jin ma'aikacin da ke cikin fargabar kora zai iya yin abin da zai burge duniya. Mutanen da ya riƙe su suka fito da Switch a 2017, wadda ta sayu fiye da miliyan 140. Dokar ƙwadago ta Japan na da hannu a ciki, domin ba ta sauƙaƙa kora, amma rage albashin nasa ba doka ce ta sa shi ba. Swen Vincke, shugaban Larian na Beljiyam masu Baldur's Gate 3, ya faɗi irin wannan a wani taro a San Francisco a 2024, inda ya ɗora laifin a kan haɗama da bin ribar wata uku-uku: a kori mutane yau, gobe a dawo ana neman irinsu.

Ma'aikatan sun fara ɗaukar darasi. Sana'ar da a da ba a san ta da ƙungiyoyin ƙwadago ba, yanzu tana da su. Masu gwajin wasanni kusan 300 na ZeniMax sun kafa tasu a Janairun 2023, sama da 500 masu aikin World of Warcraft suka bi sahu a Yulin 2024. Ƙungiya ba ta hana rufe situdiyo, amma tana sa a zauna a yi maganar kuɗin sallama da wa'adin sanarwa. A ganina wannan ne mafi ƙarancin abin da mai sana'a ya cancanta, kuma duk matashinmu da aka yi wa tayin aiki daga irin waɗannan kamfanoni ya fara karanta sharaɗin sallama kafin ya dubi albashi.

Tango dai ta tsira. A Agustan 2024 kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu, mai PUBG, ya karɓi situdiyon tare da haƙƙin Hi-Fi Rush, shugabansa kuma ya ce ba don yana sa ran riba daga kashi na biyu na wasan ya saya ba, so yake ya riƙe mutanen a wuri ɗaya. Cikin wata ukun da aka yi ana jira wasu sun riga sun kama aiki a wasu wuraren. Daga ma'aikata kusan 100, kimanin 50 ne suka koma. Arkane Austin da Alpha Dog kuwa ba su samu mai saye ba.