Mene ne jinya da zane?

Jinya da zane hanya ce ta taimaka wa mai damuwa ya fitar da abin da ke cin zuciyarsa da fenti ko yumɓu, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa mata suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka.

Ba kyan hoto ake nema ba. Ana ba yaro takarda da alli mai launi, a bar shi. Idan ya zana gidansu babu ƙofa, ko ya ajiye kansa can gefe shi kaɗai, sai a tambaye shi a hankali. Abin da baki ya kasa faɗa, sau da yawa hannu ya riga ya faɗa.

An ga irin wannan amfanin zane a wurin 'yan asalin Ostareliya. A ƙauyen Papunya a 1971, malami Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa ɗalibansa gwiwar yin zanen gargajiya, har dattawa suka zana tarihin kakanninsu a bangon makarantar. Mutanen da aka raba da ƙasarsu suka samu abin riƙewa.

A Sakkwato kuwa, waɗanda suka fi buƙatar wannan jinya su ne yaran da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni, da masu jiran tiyata a asibitin cutar noma, wadda ke zaizaye fuska har magana ta gagara. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare, amma a makarantu da yawa babu malaminsa, babu ko fensirin launi.