Ina Kaza da 'Ya'yanta Ke Shiga da Bazara?

Wanda ya saba ɗaga kai sama da daren hunturu ya san wani ɗan gungun taurari shida ko bakwai da suka cure wuri guda. Hausawa na ce musu Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma su ce Surayya. A watan Nuwamba da magariba suke fitowa ta gabas, su kwana a sama har asuba. Amma a watan Mayu ko an kwana ana dube ba za a gan su ba, sai cikin Yuni su fara leƙowa gab da ketowar alfijir.

Suna nan inda suke, duniyarmu ce ba ta zaune. Tafiya biyu take yi a lokaci guda: tana juyawa a kanta, abin da ke kawo dare da rana, tana kuma kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i. Mu ɗauka an hura wuta a tsakiyar fili, mutum yana zagaya ta ya ba ta baya. Idan yana gefen gabas, itatuwan gabas yake kallo. In ya kai yamma, sai na yamma. Haka dare yake, shi ne ɓangaren duniya da ya ba rana baya, kuma inda yake fuskanta yana sauyawa kaɗan-kaɗan kullum. A Mayu rana kan shiga tsakaninmu da Surayya, su fito tare su faɗi tare, haskenta ya rufe su. Mutanen Gusau da Katsina sun ga alamar haka ranar 29 ga Maris 2006, da wata ya rufe rana ɗungurungum, gari ya yi duhu da hantsi har tauraro ya bayyana.

Ana iya auna wannan sauyi da agogon hannu. Kowane tauraro yana riga lokacin fitowarsa na jiya da kusan minti 4. Abin kamar ba komai ba, amma a wata guda ya zama awa 2, a wata shida awa 12. Tauraron da ke fitowa da ƙarfe 8 na dare yau, nan da wata shida da ƙarfe 8 na safe zai fito, lokacin da ba idon da zai gan shi. Shi ya sa taurarin Kunama, masu jan tauraron nan da Larabawa ke kira Ƙalbu, suke cika kudancin sama da daren Yuli, su ɓace a Disamba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda magabata suka mayar da wannan kalanda tun ba su da na'urar hangen nesa. Misirawan da sun lura cewa idan tauraron Shi'ira ya sake bayyana da asuba bayan ɓuyarsa, ambaliyar kogin Nilu ta kusa. A ƙasar Hausa malaman hisabi sun riƙe lissafin taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14. In an haɗa, 365 cif. Manomi na da dalilin tambayar malam wane tauraro ake ciki. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, don haka azumi kan zo wani lokaci da sanyi, wani lokaci da zafi. Damina kuwa rana take bi, kuma taurari da rana lissafinsu ɗaya. Abin takaici ne a ce yaro ya gama sakandare bai san wannan ilimi na gida da darasin da aka koya masa a aji abu ɗaya suke faɗa ba.

Sai dai a kiyaye: tauraro ba ya kawo ruwa. Karkatar duniya da digiri 23 da rabi ita ke sauya yanayi, tauraro alama ce kawai da ta dace da lokacin.

Akwai wanda bai shiga wannan ɓuya ba. Tauraron arewa yana kusan daidai saitin sandar da duniya ke juyawa a kai, don haka yana wurinsa rani da damina. A Kano yana can ƙasa-ƙasa, digiri 12 daga doron ƙasa, ƙurar hunturu ma kan rufe shi.

Ita kanta sandar tana yin wani layi a hankali, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000. Saboda haka ranar fitowar kowane tauraro tana yin jinkiri da kwana ɗaya a duk shekara 70 da 'yan kai. Jadawalin da aka rubuta shekara 500 da suka wuce ya goce da kusan mako guda, kuma mai lissafin shuka da shi ya kamata ya sa wannan a ciki.