Ɗaurin Gefe: Abin da Ke Riƙe Daɓen Intalok

Daɓen intalok ya bambanta da daɓen siminti. Ba a liƙe tubalansa da juna. A kan shimfiɗar yashi ake jera su, sannan a cike tsakaninsu da yashi mai laushi. Idan mota ta taka tubali ɗaya, yashin nan ne ke rarraba nauyin ga na kusa da shi, su ma su tura na gaba, har turin ya kai bakin daɓen. In babu abin da ya tare shi a can, sai layin ƙarshe ya fara zamewa. Tsintsiya ce, ƙarfinta yana ga maɗauri.

Lalacewar a hankali take zuwa. Da farko tsakanin tubalan bakin zai buɗe har yatsa ya shiga. Damina na sauka ruwa ya kwashe yashin, ciyawa ta tsiro, tururuwa su yi gida. Kafin a ankara tubalan sun karkace suna motsi a ƙarƙashin ƙafa, ɓarnar kuma tana ci zuwa tsakiya.

Inda daɓen ya jingina da katanga ko harsashin gini, ba a bukatar ƙarin komai. Sauran ɓangarorin ne ake ɗaurewa. A ƙasashenmu an fi amfani da dogayen tubalan kankare da magina ke kira kab. A Amurka kuwa an saba da wani dogon maƙari na roba ko alminiyam, wanda ake kafewa da manyan ƙusoshi masu tsawon santimita 25 zuwa 30.

Ko da wanne za a yi, ƙa'idar farko ɗaya ce: a kan tushe mai tauri ake dasa shi, ba a kan yashin shimfiɗa ba, don yashi gudu yake yi. Saboda haka tushen tsakuwa ko marmarar da aka danne ya kamata ya zarce iyakar daɓen da kamar santimita 15.

Wajen dasa kab, magini zai ja igiya ya daidaita layi da tsayi, yana barin gangara ta kamar santimita 2 a kowace mita, ruwa ya bi ya yi nesa da ɗaki. Sai ya haƙa ɗan rami, ya zuba kankare mai kaurin santimita 10, ya ɗora kab, yana bubbuga shi da gudumar roba har ya yi daidai da igiyar. Daga nan ya tokare bayansa da kankare, aƙalla zuwa rabin tsayinsa. Nan ne masu ha'inci ke rage siminti, don sun san ƙasa za ta rufe wurin. A ɓangaren da ruwa ke gangarawa, a bar masa 'yan kafofin fita.

Kada a yi gaggawar kawo injin danna daɓe. A ba kankaren kwanaki ya yi ƙwari, ana yayyafa masa ruwa, in ba haka ba girgizar injin za ta tsaga shi.

In daɓe ya riga ya buɗe, ba sai an tashe shi duka ba. A cire layuka biyu ko uku na baki, a gyara tushe, a dasa kab, a mayar da tubalan, a share sabon yashi cikin tsakaninsu har ya cika.