Ɗan Sandan Aro: Daga Ikkon Glover Zuwa Dajin Ƙanƙara

A watan Oktoban 2022 gwamnatin Yammacin Ostareliya ta yi shela a Birtaniya da Ayalan da New Zealand: duk gogaggen ɗan sandan da ke son sauya wuri ya tattaro iyalinsa ya zo, akwai aiki, akwai izinin zama. Mutum 750 take nema cikin shekara biyar. A 2023 jihar Queensland ta bi sahu, ta samu izinin ɗauko har 500 a shekara. Lissafinsu mai sauƙi ne. Horar da sabon kurtu na cin lokaci da kuɗi, wanda ya riga ya goge kuwa gajeren kwas ya ishe shi.

Manomin Sabuwa ko Faskari a jihar Katsina da ya shekara yana kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga yana da damar tambaya: mu me zai hana a kawo mana? Makamanciyar wannan magana ta taɓa fitowa daga bakin manya. Bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari a Nuwamban 2020, Gwamna Babagana Zulum na Borno ya ba da shawarar a ɗauko sojojin haya, kamar yadda aka kawo wasu daga Afirka ta Kudu a farkon 2015.

Sai dai Bahaushe ya san wannan ciniki ta ciki, domin shi kansa ya daɗe yana zama ɗan sandan da ake ɗaukowa daga nesa. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Hawley Glover, ya fara tara 'yan Arewa a Ikko ya ɗora musu bindiga. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. Ba dukansu ne Hausawa ba, akwai Nufawa da Barebari da sauransu, amma Hausa ce ta haɗa su, Turawa kuma suka kira su duka da sunan. Zuwa 1879 rundunar ta kai mutum 1,200.

Tun kafin nan kasuwarsu ta buɗe. Glover ya kwashi wasunsu a jirgin ruwa zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, suka shiga yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa. Wasu ba su komo ba, suka zauna a zangunan can, Hausa kuma ta zama harshen bariki na tsawon shekaru. Sarki Leopold na Beljiyam ya aiko an ɗibar masa Hausawa lokacin da yake kafa rundunarsa a Kwango, Jamusawa ma sun yi haka a Togo da Kamaru. Ba a Afirka kaɗai aka yi ba: a Hong Kong 'yan Sikh aka kwaso daga Indiya.

Me ya sa Bature ke son baƙo? Saboda baƙo ba shi da kawu a garin. Idan aka ce ya kama mai gari zai kama, idan aka ce ya karɓo haraji da bulala zai karɓo, ba wanda zai bi shi gida da dare ya haɗa shi da Allah. Irin wannan ɗan sanda mai mulki yake tsarewa, ba talaka ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, dakarun da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 akwai Hausawa masu yawa a cikinsu.

Abin da Ostareliya ke yi yau daban ne. Wanda ya baro Manchester ya sauka Perth harshensa zai tarar, da dokar da ta fito daga tushe ɗaya da wadda ya sani. A Ƙanƙara kuwa aikin na kunne ne da ƙafa. Sai wanda ya san wace hanyar shanu ce ke ɓullewa dajin Rugu, wace ke gangarawa Tsafe a Zamfara, ta ina ake tsallakawa Birnin Gwari daga Sabuwa. Sai wanda zai lura cewa wani ya sayi burodi da fetur fiye da bukatar gidansa ranar kasuwa, wanda kuma yake jin Fillanci kamar yadda yake jin Hausa. A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kora ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a ƙafa, cikin duhu, har dajin Zamfara. Yara 344 aka sako ranar 17 ga wata. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun san ƙasar kamar tafin hannunsu, kuma da wannan sani suka fi ƙarfin masu kaki.

Ko yanzu ma, a wani fanni, ɗan sandan Najeriya ɗan aro ne. Kafin sojoji su haɗe rundunoni a ƙarshen shekarun 1960, kowace En'e tana da 'yan dokarta, 'ya'yan ƙasar. An rushe su ne da hujja mai ƙarfi, don tsofaffin 'yan jam'iyyar NEPU ba su manta dukan da suka sha a hannunsu ba. Tun daga lokacin runduna ɗaya ce, daga Abuja ake juya ta, tana da jami'ai da ba su kai 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma wani kaso mai tsoka yana riƙe wa manya jaka. Kurtun da aka turo daga wata jiha mai nisa, kafin ya san sunayen unguwanni an yi masa canjin wuri. Mutanen gari kuma ba sa kai sirri caji ofis wurin wanda ba su san asalinsa ba, musamman a inda ake tsoron infoma.

Katsina ta gwada ɗaya ɓangaren. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da matasa kusan 1,500, aka ɗebo su daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka mayar da kowa yankinsa. Zamfara ta fito da Askarawanta a Janairun 2024. Da ɗan gari akan ci gari, haka ne. Amma ɗan gari yana da tsohuwar gaba, yana da wanda ya kashe masa wa, yana da rigimar gona. An ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci a kasuwa kan duk wanda ya yi kama da Bafillace, kuma wannan yana cikin abin da ya ingiza matasan rugage shiga daji. Duk wanda ya ba ɗan gari bindiga bai ɗaura masa linzami ba ya ƙara wa wutar itace.

Saboda haka abin da ya cancanci a ɗauko daga waje ba mai tsayuwa a shingen hanya ba ne. Mai koyarwa ne: gwanin bin sawun waya da kuɗin fansa, gwanin tattara shaidar da alƙali zai karɓa. Masu sintiri kuwa a ɗebe su a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, Hausawa da Fulani a ayari guda, a biya su kan kari, a kuma ajiye wata hukuma a wajen garin da za a kai ƙararsu ta saurara. Mayar da su cikakkun 'yan sandan jiha yana bukatar gyaran sashe na 214 na tsarin mulki, gyaran kuma ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.