Efua Sutherland: Matar da ta gina wa tatsuniya ɗaki a Gana

Duk wanda ke fatauci a Ankara, babban birnin Gana, ya san katafaren gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, farin ginin nan mai kama da jirgin ruwa. Tsallaken titi kuma akwai filin wasan yara mai ɗauke da sunan Efua Sutherland. Da yawanmu kullum sai mun wuce ta wurin a cikin tiro-tiro, amma ba mu taɓa tambaya ba: wai wace ce wannan baiwar Allah?

An haifi Efua a garin Cape Coast a 1924. Tana jaririya mahaifiyarta ta rasu, sai kakarta mai sana'ar gasa burodi ta raine ta. Ta yi karatun malanta a Mampong, ta ƙaro ilimi a Kambirij da Landan, sannan ta dawo gida a 1951 ta kama koyarwa.

Kafin zamaninta ma mutanen bakin teku sun san wasan kwaikwayo. A garinsu ne wani lauya, Kobina Sekyi, ya rubuta wasan The Blinkards a 1915, inda ya yi wa masu kwaikwayon Turawa ido rufe shaguɓe. A Sekondi kuwa, wajen 1918, wani malamin makaranta da ake kira Master Yalley ya fara wasan barkwanci da kiɗa, wanda daga baya Bob Johnson da abokansa suka yawata da shi gari-gari. Su ne 'yan konsat. Sai dai akwai giɓi: wasan 'yan boko na Turanci ne, na 'yan konsat kuma masu ilimi suna yi masa kallon shirme.

Wannan giɓi Efua ta ɗaura ɗamarar cikewa. Ta lura cewa ainihin wasan kwaikwayon jama'a yana tsakar gida da dare, inda ake tatsuniyar Ananse, wato gizo-gizon nan mai wayo, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Mai ba da labari yana yi, 'yan sauraro suna katse shi da waƙa da tafi. A 1958 ta kafa ƙungiyar 'yan wasa, a 1961 kuma Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe dandalin da ta gina a Ankara. Ba a yi shi kamar zauren Turawa mai labule ba. Tsakar gida ce a buɗe, 'yan kallo kewaye da 'yan wasa, yadda ko mai tallan gyaɗa ta shigo ba za ta ji baƙunta ba.

Ba ta tsaya a birni ba. A ƙauyen Atwia ta haɗa kai da mutanen gari suka gina Kodzidan, ma'ana ɗakin tatsuniya, manoma da tsofaffi su ne 'yan wasan. Shi ma Bob Johnson ba ta bari an manta da shi ba, sai da ta rubuta tarihinsa.

Wasanta da ya fi shahara shi ne na auren Anansewa, wanda aka buga a 1975. Talauci ya ishi Ananse, sai ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa ɗaya tilo, yana karɓar kyautar kowa. Da suka taso a lokaci guda, sai ya ce wa yarinya ta yi mutuwar ƙarya, a nan aka gane mai sonta tsakani da Allah. Iyayen da ke mai da auren 'ya'ya jari, to ga madubi nan.

Daga 1983 zuwa 1990 ita ce shugabar hukumar kula da yara ta ƙasa, a lokacin ne kuma Gana ta zama ƙasa ta farko da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. Amma duniya ba ta bar ta haka nan ba. Tana ji tana gani aka rushe dandalinta domin a gina gidan wasa na ƙasa, wanda Sinawa suka kammala a 1992. An sake gina irinsa a jami'ar Legon, yana nan da sunanta. Ta rasu a Janairun 1996.

To, mu fa? Yaranmu na zango suna tashi da Turanci da Tuwi da waya a hannu, wasu ko "ga ta nan, ga ta nanku" ba su taɓa ji ba. Mu kuma daga kasuwa sai barci. Efua da tsakar gida ta fara, kuma kowannenmu yana da tasa, ko da ɗakin haya ne. Yau da dare bayan isha'i, a ajiye lissafin ciniki na minti goma, a tara yara a ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. In sun katse ku da tambaya ko waƙa, kada a tsawata musu, haka wasan yake.