Toshe Kafofin Kutse a Kwamfutocin Kamfanoni

Duk kwamfuta ko manhajar da kamfani ya saya tana fitowa ne daga hannun masu ƙera ta a shirye domin ta kama aiki da zarar an kunna ta, ko mai sayen asibiti ne, ko banki, ko ɗan shagon buga takardu. Saboda haka masu ƙerawa sukan bar ayyuka masu yawa a kunne, su buɗe hanyoyin shiga da dama, su kuma sanya kalmar sirri mai sauƙi wadda aka buga a takardar bayanin na'urar, domin abin da suka fi gudu shi ne mai saye ya dawo yana ƙorafin kaya sun ƙi aiki. Abin da masana ke kira ƙarfafa tsari shi ne a bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar ko kamfanin yana bukatarsu. Wanda ba ya bukata a cire shi ko a kashe shi, wanda yake bukata kuma a taƙaita masu ikon taɓa shi. Jimillar wuraren da mai kutse zai iya gwada sa'arsa a kansu, wato manhajoji da asusun ma'aikata da mashigai, ita ake kira fagen hari, kuma ƙuntata wannan fage shi ne gaba ɗayan aikin.

Akwai wani tunani da ya yi kaka-gida a zukatan shugabannin kamfanoni, cewa tsaro kaya ne da ake saye: a biya kuɗin manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, a girka katangar tsaro, wato na'urar da ke tace saƙonnin da ke shiga da fita tsakanin kamfani da intanet, shi ke nan a koma barci. Wannan tunani kuskure ne, kuma abin takaici shi ne yadda ake ta maimaita shi duk da ɗimbin hujjojin da suka rushe shi. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta ta fi gane abin da ta riga ta san kamanninsa, ba ta kuma da abin cewa idan ɓarawo ya shigo da sunan ma'aikaci na gaskiya da kalmar sirrinsa ta gaskiya, domin a wurinta wannan mai gida ne. Ƙari a kan haka, kowace sabuwar manhaja da aka ɗora, har da ta tsaron kanta, tana zuwa da nata kurakuran. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi kuma yawancin tsagar da ke bangon kamfanoni ba wani gwanin ɓarawo ne ya yi ta ba, da ita aka kawo kayan, aka kuma rasa wanda zai liƙe ta.

Kwamfutar da ke haɗe da wasu tana karɓar saƙo ne ta mashigai masu lamba, waɗanda lambobinsu suka kai 65,535, kuma kowane aiki yana da mashigar da aka san shi da ita. Mashiga ta 23 ta tsohon tsarin Telnet ce, wanda ke aika kalmar sirri a fili ba tare da an ɓoye ta ba. Ta 445 ta musayar fayil ce tsakanin kwamfutocin Windows. Ta 3389 kuwa ita ke ba mutum damar sarrafa kwamfuta daga nesa tamkar yana zaune a gabanta. Masu cewa kamfaninsu ƙarami ne, babu wanda zai damu da shi, ba su fahimci yadda ake farautar ba. Babu wani mutum da ke zama yana zaɓen sunayen kamfanoni. Manhajoji ne ke zagaye adireshin intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace mashiga, har ma akwai shafi mai suna Shodan, wanda tun 2009 yake tattara jerin na'urorin da suka amsa, kowa kuma yana iya bincikawa.

Abin da ya faru ranar 12 ga Mayu, 2017 ya isa darasi a kan wannan. A ranar ce manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry, wadda ke kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa, ta bazu zuwa kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kuma jefa asibitocin gwamnati na Ingila cikin ruɗani har aka soke ganin likita kimanin 19,000. Ta shiga ne ta wani kuskure da ke cikin sigar farko ta tsarin musayar fayil na Windows, wato SMB, tsarin da asalinsa ya koma shekarun 1980, wanda tun 2006 aka fitar da magajinsa. An fi ba da labarin a matsayin sakacin ƙin sabunta manhaja, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda Microsoft ya fitar da facin da ke gyara kuskuren tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin. Sai dai akwai abin da ya fi wannan muhimmanci wanda ba a cika faɗa ba: tun a 2016 Microsoft yake kira da a daina amfani da wannan tsohuwar siga, kuma kwamfutar da aka kashe mata ita ba ta da wannan ƙofa ko da ba a liƙa mata faci ba. Faci yana gyara kuskuren da aka gano ne kawai, cire abin da ba a bukata kuwa yana kawar da kurakuransa duka, har da waɗanda ba a kai ga ganowa ba.

Batun kalmar sirrin da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta ya fi wannan ban haushi, domin gyaransa bai wuce minti biyu ba. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta riƙa neman kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet waɗanda mashigarsu ta Telnet ke buɗe, idan ta samu sai ta gwada jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60, irin su admin da 12345. Da wannan ɗan jeri ta mallaki na'urori dubu ɗaruruwa, aka kuma haɗa ƙarfinsu ranar 21 ga Oktoba aka yi wa kamfanin Dyn, wanda shafukan intanet da dama suka dogara da shi, ambaliyar saƙonni, abin da ya hana jama'a da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Wani abin lura shi ne, da zarar Mirai ta shiga na'ura sai ta kashe aikin Telnet ɗin da ta bi ta shigo, domin kada wata manhajar kutse ta biyo sahunta ta ƙwace mata ganima. Wato ɓarawon ne ya yi aikin ƙarfafa tsarin da mai kayan ya kasa yi. Sai a watan Afrilun 2024 dokar Birtaniya da ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin zato ta fara aiki, amma dokar ba ta kai ga tarin kyamarori da na'urorin da tuni suke maƙale a bangon ofisoshi a faɗin duniya ba.

Asusun ma'aikata ma mashiga ne, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Ma'aikaci ya ajiye aiki, ko ɗan kwangila ya gama nasa ya tafi, asusunsa kuwa yana nan a raye shekara da shekaru. Ta irin wannan tsohon asusu na shiga daga nesa, wanda ba a amfani da shi, ba a kuma rufe shi ba, masu kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, a watan Mayun 2021 kuma aka dakatar da bututun da ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin ɗari na man da gabashin Amurka ke sha, kamfanin ya kuma biya fansar dala miliyan 4.4. Asusun ba shi da tantancewa mai mataki biyu, wato tsarin da bayan kalmar sirri yake neman ƙarin shaida, kamar lambar da ke fitowa a wayar ma'aikaci. Ƙa'idar da ta shafi wannan tsohuwa ce, domin tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka tsara ta, cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su iya ikon da aikinsu ke bukata, kada a ƙara ko kaɗan. Akawun da ke shigar da rasit ba ya bukatar ikon ɗora manhaja, kuma shugaban kamfani, duk girman kujerarsa, ba ya bukatar asusun mai kula da tsari domin karanta wasiƙunsa. A nan ne kuma ya kamata a yi watsi da al'adar tilasta wa ma'aikata canza kalmar sirri duk bayan wata uku, wadda ba ta haifar da komai sai ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalma da liƙa takarda a ƙasan allon rubutu; hukumar NIST ta Amurka da kanta ta janye wannan shawara a 2017, ta ce a canza kalma idan akwai alamar ta fita.

Idan mai kutse ya riga ya shiga, abin tambaya shi ne iya nisan da zai iya kaiwa, kuma amsar tana ga yadda aka rarraba hanyar sadarwar cikin gida zuwa sassan da ba sa ganin juna sai da dalili. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ɗanɗana kuɗar rashin wannan ranar 27 ga Yuni, 2017, lokacin da manhajar NotPetya, wadda aka cusa cikin wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukiren mai suna M.E.Doc, ta shiga ta ofishinsa na can ta game kamfanin baki ɗaya cikin ɗan lokaci. Sai da aka sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci masu hidima 4,000 da kwamfutocin ma'aikata 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Wani ɓangare na labarin ya biyo ta Afirka ta Yamma. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, kwamfutocin da ke riƙe da rajistar asusun ma'aikatan kamfanin, su kusan 150, an tsara su ne kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka suka mutu tare, in ban da guda ɗaya a ofishin Gana wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba da sauran kafin harin ya iso. Da yake intanet ɗin ofishin ba shi da saurin tura bayanan, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar shiga Birtaniya, sai ɗayansu ya ɗauko faifan ya kawo Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aikinsa a filin jirgin sama, shi kuma ya wuce da shi Landan. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin yabon rashin wuta ba. Abin da ya nuna shi ne ajiyar bayanan da ke haɗe da tsarin da take karewa ba ajiya ba ce.

Sauran matakan sanannu ne, ba sa bukatar dogon bayani: ɓoye bayanan da ke kan faifai ta yadda ba sa karantuwa sai da mabuɗi, adana tarihin shiga da fita a wata kwamfuta ta daban, hana takardun ofis da suka zo ta intanet gudanar da ƙananan umarnin da ake cusawa a cikinsu, wanda Microsoft ya mayar da shi tsarin asali a 2022, da kuma ƙayyade manhajojin da aka yarda su yi aiki. Cibiyar CIS tana wallafa jagorori dalla-dalla ga kusan kowane sanannen tsari, wasunsu shafi ɗaruruwa, kuma ana samunsu kyauta. Wahalar tana wani wuri dabam. Kashe tsohon aiki yakan tsayar da wata tsohuwar na'urar buga takardu ko manhajar albashi da babu wanda ya san ta dogara da shi, don haka dole a fara gwadawa a kan kwamfutoci kaɗan, kuma dole a riƙa komawa ana dubawa, saboda mashigar da aka buɗe wa ɗan kwangila da sunan kwana biyu takan shekara a buɗe. Kamfanin da ba shi da cikakken jerin na'urori da manhajojin da ya mallaka bai ma isa fara wannan aiki ba.

Akwai kuma iyakar da ƙarfafa tsari ba ya iya tsallakewa, ita ce manhajar da masu ita suka daina kula da ita, da 'yar'uwarta ta sata wadda aka fasa domin kauce wa biyan lasisi, wadda sau da yawa ake toshe mata hanyar karɓar faci don kada asirinta ya tonu. Irin wannan ba ta da magani sai a maye gurbinta, idan kuma hakan bai samu ba a ware ta daga intanet da sauran kwamfutocin kamfani. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin kyauta ga Windows 10, kuma duk kuskuren da aka gano bayan waɗannan ranaku yana nan a buɗe a kwamfutar da ba a shigar da ita shirin ƙarin tallafi ba.